Daga Bakin Akwati: Wa Ke Riƙe Mana Mai Tatata?

Ƴan uwa mata, na cikin garin Gidimuni da na ƙauyukan kewaye:

Mun saba zancen kuɗi a wannan fili: zubi, bashi, tara, rabon ƙarshen shekara. Yau zancen wani mutum za mu yi wanda ba ya zubi, ba ya cin bashi, amma babu taron da ba ya halarta, kuma shi ke yanke wa da yawanmu abin da za mu samu a wuni. Shi ne ɗan nan mai tatata, wanda ya wuce rarrafe bai kai aike ba, daga shekara ɗaya zuwa uku.

Jinjiri ai da sauƙinsa. Ki ba shi nono, ki goya shi, ki ɗaure majanyi, ki kama gabanki. Daka ma barci take sa shi. Amma ranar da ƙafarsa ta san ƙasa, shi kenan, bayanki ya zama masa kurkuku. Ga nauyi, don ɗan shekara ɗaya da rabi yakan kai kilo 10, kuma duk wadda ta taɓa duƙawa tana ban ruwa fage bayan fage da kilo 10 a ƙugu, yana shure-shure yana jan kallabi, ta san abin da dare zai gaya mata. Ki sauke shi kuma, idonki ya rabu biyu. Mai suyar awara tana kallon mai a kasko tana kallon ɗa. Mai awo a kasuwa tana ƙirga tiya, lissafi ya ɓace mata sau uku saboda ya nufi ƙarƙashin amalanke. Kuma a wannan shekarun ne yake da ƙiwa, ga "a'a" da ya koya kafin ya koyi sunansa.

Mu a nan muna da wata damuwa da matan tudu ba su da ita. Allah ya ba mu ruwa a kusa. Garuruwa da yawa a Damagaram mata kan yi doguwar tafiya kafin su cika jarka guda, mu kuwa a kwari haƙa kaɗan ne ruwa ya taso, ga tabki wanda tun 2019 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya da ake kiyayewa. Da wannan ruwa muke cin abinci rani da damina. To amma rijiyar garka ba ta da bango, bakinta daidai yake da ƙasa, wani lokaci ciyawa ta rufe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗa cewa yara ƴan shekara 1 zuwa 4 su suka fi kowa mutuwa a ruwa. Yaro in ya faɗa ruwa ba ya kuka, ba ya kira. Kina nesa da shi taku ashirin kina cire albasa ba za ki ji komai ba. Kuma ba sai tabki ba, bahon wanki ma ya isa, saboda kansa yana da nauyi sosai bisa ga girman jikinsa, in ya kifa ciki ba ya iya ɗagowa. Ga kuma maganin feshi da piya-piya da man mashin da ake ɗurawa a kwalbar lemo a ajiye a gindin bishiya. Tunda zancen ya zo: in yaro ya sha irin waɗannan, kar a sa masa hannu a baki don ya yi amai, kar a ɗura masa mai ko nono. A ɗauki kwalbar a ɗauke shi, a nufi gidan likita.

To wa ke riƙe mana shi? In aka tambaye mu a taro sai mu ce ai ɗa na kowa ne. Gaskiya ne, na kowa ne ranar suna da ranar sallah. Ran da ya tashi da gudawa kuwa kowa ya san gidan uwarsa. Kaka tana taimakawa, Allah ya saka mata, amma kakannin yanzu su ma suna da garkarsu da tallarsu, wasunsu ma su ne shugabanninmu a ƙungiya. Kishiya, in zama ya yi daɗi, takan riƙe. Maigida ya tafi cirani, ko yana nan amma ba a saba ba. In muka tsaya muka ƙirga tsakani da Allah, mai rainon yawancin ƴaƴanmu ita ce yayarsu, ƴar shekara bakwai, takwas, tara.

Nan ne lissafinmu yake da rami. Mu da muke ƙirga dala dala a kan tabarma, ba mu taɓa sa wa wannan raino farashi ba, don muna ganin kyauta ne. Ba kyauta ba ne, yarinyar ce ke biya. Lakwal tana buɗewa a watan Oktoba, aikin garka yana kankama daga Nuwamba har zafi ya shigo, wato tsakiyar shekarar karatu. Yau ta makara saboda ƙanenta, gobe kasuwa ba ta je ba, jibi ta je da shi a baya ya yi kuka an ce ta fita da shi. Ku tambayi kowane mushe, zai gaya muku su wa ke ɓacewa daga aji a lokacin sanyi. Bayan shekara biyu sai mu ce ai ita ba ta da kan karatu. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ɗiya mace, amma doka ba za ta zo ta karɓi goyon da ke bayanta ba. Mu da muke cewa muna zubi don ƴaƴanmu su fi mu, sai ga shi ribar awarar ta fito ne daga littafin yarinya.

Kuma ku duba abin da muke ɗora mata. Ƴar shekara bakwai ita ma yarinya ce, wasa take so. Ta ga ƙawayenta suna gaɗa, ta ajiye shi ta ce yanzu zan dawo. In ya faɗi ya fashe baki, ita ke shan duka. Wallahi akwai rashin adalci a nan, ko da ba mu saba kiran sa da wannan suna ba.

Sai zancen ci. Cikin mai tatata ƙarami ne, ba ya ɗaukar abin da zai riƙe shi daga safe zuwa la'asar. Ma'aikatan lafiya suna cewa ɗan shekara ɗaya zuwa biyu ya ci sau 3 ko 4 a wuni, da ɗan abin taɓawa a tsakani, ga nono kuma har shekara biyu. Mu kuwa mukan bar masa kunu a kwano mu fita, kunun ya tsinke ya yi sanyi, ƙuda ya sha rabonsa, yayyensa su sha nasu. Da dare a haɗa shi akushi ɗaya da manyan yara, kafin ya kai loma biyu sun suɗe. Abin da ya fi ba mu haushi shi ne kayan gyaran duk suna hannunmu: garin ƙuli-ƙuli, wake, zogala, ƙwan zabi, kifin tabki. Muna sayar da su ga matafiya a bakin hanyar Gure, ɗan gida yana shan farin kunu. Cokali biyu na ƙuli-ƙuli a kununsa da kwanonsa shi kaɗai ba za su karya jari ba. Lokacin da ya fi haɗari shi ne yaye, musamman yayen gaggawa in an yi kwanika: a wuni ɗaya a raba shi da nono, a raba shi da uwa, a kai shi gidan kaka a wani gari. Tamowa ta fi son wannan ƙofa. Wadda ke da abin awon damtse a gida ta riƙa gwada shi duk mako. Kore lafiya, rawaya a tashi tsaye, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, ranar nan za a kai shi likita. A nan maƙwabtanmu, a yankin Mirriya, ƙungiyoyin BEFEN da ALIMA suka gwada ba uwaye wannan awo, aka ga suna yin sa daidai kamar ma'aikata. Kuma tun 2006 ƙa'ida ita ce a duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta, ko da yake mun san wani lokaci a rubuta miki takarda ki je ki sayo maganin.

Ƴan uwanmu masu albashi, malaman makaranta da ungozomomi, kar mu ce su sun huta. Doka ta ba su hutun haihuwa na mako 14, da awa guda a wuni ta shayarwa har yaro ya shekara. Daga nan doka ta yi shiru, daidai lokacin da ya fara tafiya. Wadda aka turo aiki daga Zinder ba uwa ba dangi, ita ma ƴar wani take ɗaukowa daga ƙauye ta yi mata raino, wannan yarinyar ma da wuya ta ga aji.

Ga abin da muke so a tattauna. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, dubarar ɗaya ce: abin da mace ɗaya ba ta iya tarawa, mata talatin suna iyawa in kowa ta kawo kaɗan a kan lokaci. Har ƙasashe masu nisa sun ɗauki wannan tsari daga gare mu. Me zai hana mu yi adashin raino kamar yadda muke adashin kuɗi? Mata shida a unguwa ɗaya, kowace ta ba da safiya guda a mako, ta zauna gida da ƴaƴan shidan, sauran biyar su tafi aiki hannu sake. Kin rasa safiya ɗaya, kin samu biyar cikakku. Ko kuma a samu dattijuwa mai tsabta da haƙuri, wadda ƙarfinta ya gaza wa garka, a biya ta. In yara 8 ne, kowane dala 10 a wuni, ta tashi da dala 80, a kwana shida jaka 2 da dala 80. Kowace uwa ta kawo kwanon ɗanta, ko a haɗa hatsi da ƙuli-ƙuli a dama kunu ɗaya mai kauri. A ƙasar Bangaladash, inda gidaje da yawa ke da kududdufi a kusa, irin wannan suka yi a ƙauyuka: mace ɗaya da mataimakiya suna riƙe yara daga ƙarfe 9 zuwa 1 na rana, lokacin da uwaye suka fi aiki. Da aka bincika, mutuwar ruwa a cikin yaran da ake kaiwa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Ba gini suka yi ba, ɗakin mai rainon ne da tabarma.

Mun san abin da za a ce, don mu ma mun faɗa wa juna. In ɗan wata ya ji ciwo a hannun wata, zumunci ya ɓaci. Wata za ta ce an fifita ɗan wance a wajen kunu. Wata za ta kawo nata kwana biyar, ranar da ya kamata ta riƙa sai ta tashi da biki. Wannan na ƙarshe ai mun san maganinsa, tara ce, kamar ta makara a zubi. Na farkon ne mai wuya, kuma sai an faɗe shi a fili kafin a fara, a gaban shugaba da masu riƙe mabuɗai: gidan da za a tara yara ba rijiya a buɗe, ba baho cike da ruwa, murhu a kewaye, ƙofa a rufe. Yaro mai zazzaɓi ko gudawa ko ƙuraje ya zauna wajen uwarsa, kar ya raba wa sauran. Mace ɗaya kar ta wuce yara biyar ko shida in ba ta da mai taya ta. Ƙiwa kuwa ta kwana uku ce, ranar huɗu sai kin yi da gaske kafin ya yarda ya biyo ki gida.

Maza ma a gaya musu, don ba za a yi ba sai da yardarsu, kuma ba yarda kaɗai muke nema ba. Makarantar mazaje da ake ta yabo a rediyo a nan jihar Damagaram ta fara, saboda haka ba baƙon zance ba ne a ce namiji ya sa hannu a lafiyar iyali. Mai shekara biyu yana iya zama kusa da babansa a inuwa awa biyu, shayi ba zai ƙi dahuwa ba. Rufe bakin rijiyar garka da itace da ƙaya kuwa aikin yamma ɗaya ne.

A zubin mako mai zuwa, kafin a buɗe akwati, muna roƙon sakatariyar kowace ƙungiya ta tambayi mambobi ɗaya bayan ɗaya: ƴaƴa nawa gare ki ƴan ƙasa da shekara huɗu, wa ke riƙe su da safe, kuma mai riƙon tana lakwal ko ba ta yi. A rubuta a bayan littafin zubi, unguwa unguwa, don a ga su wa ke kusa da juna. Ƙungiyar da ta riga ta gwada wani abu mai kama da wannan, ko ya yi kyau ko ya watse, ta aiko mana da yadda aka yi, za mu sa a fitowa ta gaba.