Takardar da Wuta ta Ci

Akwai wata kalma da ta kama bakinmu a shekarun nan, muna furta ta daga kan bagade da cikin taron dattawa kamar ba ta da nauyi. Kalmar ita ce “baƙinmu”. Da ita muke kiran 'yan'uwan da tarzomar arewa maso gabas ta watso cikin majami'unmu tun 2014. Mai sanarwa yakan ce baƙinmu su tsaya bayan sujada, akwai ɗan hatsi da za a raba. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, hantsi na yi sai a neme shi a rasa. To mutumin da ya fi shekara goma yana zama a benci ɗaya da kai, yana sa baikonsa a kwano ɗaya da naka, ya haifi 'ya'ya a unguwarka, wace irin raɓa ce wannan? Ina rubuta wannan ne domin in yi gardama da kalmar, da kuma dokar takarda da muka kafa don ta tsare ta.

Sai mu tuna yadda abin ya faru, gama yaran da ke ajin baftisma yau ba su da wayo a lokacin. A daren 14 ga Afrilu 2014 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu kuwa 'ya'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne. A watan Yuni aka yi kisan gilla a ƙauyukan bayan dutsen Gwoza. Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Michika ta bi ta a Satumba. Ranar 29 ga Oktoba suka shiga Kwarhi, inda hedkwatar ikkilisiyar take tare da makarantar tauhidi ta Kulp, suka zarce Mubi. Shugabanni da malamai da ɗalibai suka bazama cikin jeji, aka mai da ofishin ikkilisiyar Jos na ɗan lokaci. Itacen da aka dasa a Garkida ranar 17 ga Maris 1923, sa'ad da Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya, ya sha sara har kusa da saiwa. Sauran ɗarikun yankin ma sun sha nasu, haka maƙwabtanmu Musulmi da suka ƙi bin masu takobi, waɗanda muka yi gudu tare da su a hanya ɗaya da ƙishirwa ɗaya.

Dole a faɗi alherin da aka yi a kwanakin nan. Mutanen Yola da Jos da Abuja sun buɗe ɗakunansu, gidan mutum biyar ya ɗauki talatin. Babbar majami'ar Katolika ta Santa Teresa a Yola ta ciyar da dubbai ba ta tambayi ɗarikar kowa ba. A Gurku, cikin jihar Nasarawa, an kafa matsuguni inda Kirista da Musulmi suke zaune tare. A watannin nan babu wanda ya nemi takarda a hannun kowa. Takarda ta fito ne daga baya, da ƙura ta lafa, da muka lura cewa mutanen nan ba tafiya za su yi gobe ba.

Na san wani gida daga ƙauyukan bayan dutse. Maigidan manomi ne, dattijo a majami'arsu, shi ke buga ƙararrawa da asuba. An kashe shi a farkon daminar 2014 yana ƙoƙarin kora awakinsa zuwa dutse. Matarsa ta ƙetare iyaka da ƙafa da 'ya'ya huɗu da tsohuwar uwar mijinta. Babban ɗan ya tsaya a sansanin Minawao a Kamaru saboda tsohuwar ba ta iya ƙara tafiya. Uwar ta dawo Mubi da sauran ukun, ta kama ɗaki, ta fara soya ƙosai, sai ga Mubi ma ta faɗi. Suka sake gudu zuwa Yola, inda suka kwana a farfajiyarmu wajen wata biyu, daga nan suka wuce wani birni da ba zan ambata ba, suka manne wa wata ikkilisiya da ita ma ba zan ambata ba. Matar ce ke share majami'ar nan kowace Asabar. Da aka tashi gina sabon ɗakin sujada, ita da 'ya'yanta mata suka yi ta jidar yashi a ka. Kowace shekara tana kawo buhun gyaɗa ranar godiyar kaka, daga gonar haya.

Shekara takwas bayan zuwansu, 'yarta ta biyu ta sami miji. Da suka je neman ɗaurin aure, kwamiti ya ce a kawo katin baftismar yarinyar da wasiƙar shaida daga faston majami'arsu ta asali. Uwar ta ce, “Baba, katin yana cikin akwati, akwatin yana cikin ɗaki, ɗakin kuwa wuta ta ci.” Littafin sunayen majami'arsu ya ƙone tare da ginin. Faston da ya yi wa yarinyar baftisma ya rasu a gudun. Aka ce mata doka ce, ba su suka yi ta ba. Aka ba ta zaɓi: ko yarinyar ta koma aji ta sake baftisma kamar sabuwar tuba, ko a jira takarda ta zo. A nan ne ma uwar ta gane cewa duk shekarun nan ba a taɓa rubuta sunanta cikin 'yan ikkilisiya ba. Yana wani littafi dabam, mai suna littafin baƙi, wanda ake buɗewa ranar rabon hatsi.

Na ji hujjojin da ake kawowa, kuma ba na raina su duka. Ana cewa Allah ba na ruɗu ba ne, Bulus da kansa ya umarci Korantiyawa su yi kome bisa ga tsari. Gaskiya ne. Wasiƙar shaida ma tsohuwar al'adar ikkilisiya ce. Bulus ya rubuta wa Romawa a kan Fibi ta Kankiriya, 'yan'uwa na Afisa kuma sun ba Afolos wasiƙa da zai tafi Akaya. Amma a duba mene ne aikin wasiƙar a wuraren nan. An rubuta ta domin a buɗe wa matafiyi ƙofa a garin da ba a san shi ba. Takarda wakiliya ce ta shaida, tana magana a madadin mutanen da suke nesa. Matar da kuka ga zamanta da idonku shekara takwas, me wasiƙa za ta faɗa muku a kanta wanda ba ku riga kun sani ba? Sa'ad da Shawulu ya zo Urushalima almajirai suna tsoronsa, shi da ya taɓa jan masu bi zuwa kurkuku, Barnaba ne ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni ya ba da shaida, aka kuwa karɓe shi. An karɓi tsohon mai tsanani bisa ga bakin mutum ɗaya, mu kuwa muka ƙi karɓar gwauruwar wanda aka tsananta bisa ga bakin unguwa guda.

Wani dattijo mai karatu ya taɓa kawo mini sura ta biyu ta littafin Ezra, inda waɗansu da suka komo daga bauta suka nemi sunansu a littafin asali ba su samu ba, aka hana su aikin firist. Na yaba masa da binciken, amma ayar ba ta ɗauki kayan da ya ɗora mata ba. Firistocin Haruna gādo ne na jini, don haka littafin asali shi ne hujjarsa. Ba a kuma kori mutanen daga taron jama'a ba, an dai dakatar da su daga cin abinci mafi tsarki har a sami firist da zai nemi nufin Allah ta wurin Urim da Tummin. Mu da muke karanta wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa mun san Babban Firist ya riga ya zo. Wanda yake jiran wani kuma, sai ya gaya mana wa yake jira. Game da tsoron 'yan damfara, ba na musu cewa akwai su, mun ga masu zuwa da labarin ƙarya ranar rabon kaya. Amma Kubawar Shari'a ta ba mu maganin wannan tun da daɗewa, Ubangiji kuma ya maimaita shi a Matiyu 18: shaidu biyu ko uku. Babu birnin da mutanen Gwoza suka sauka da za a rasa mutum uku da suka tsaya a bakin rafi ranar da aka nutsar da yarinyar nan cikin ruwa. Ba a neme su ba ne kawai.

Zancen sake baftisma kuwa ya fi sauran ba ni tsoro, domin ya taɓa koyarwa. In muka ce wa yarinya ta koma ruwa saboda katinta ya ƙone, mun koya mata cewa abin da Allah ya yi mata yana zaune ne a jikin kwali, kuma masu ƙona majami'a suna da ikon warware shi da ashana. Abin da 'yan ta'adda suka so su faɗa ke nan da wutarsu, ba su iya ba, sai ga kwamitin ikkilisiya ya faɗa a madadinsu, da tawada da hatimi.

Akwai wata hujja da ba a faɗa a fili, sai a bayan ɗaki. Ana cewa in aka rubuta su, za su yi yawa ranar zaɓen dattawa, kujeru su fita daga hannun 'yan gari. Wannan ita ce saiwar abin a wurare da dama, kuma tsohuwar cuta ce. A Ayyukan Manzanni 6 gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci ne ake ƙyalewa wurin rabon abinci. Da aka zaɓi mutum bakwai su gyara lamarin, dukansu masu sunayen Helenanci ne. Ikkilisiyar farko ta damƙa ragamar a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Mu muna karɓar baikonsu da ushirinsu da ƙarfin wuyansu, babu ma'ajin da ya taɓa cewa a mayar da kuɗin baƙo sai ya kawo kati. Sunansu ne kaɗai ba mu da wurin sa shi.

Sai masu cewa ai an kwato garuruwa, su koma gida su ta da majami'unsu. Muradin yana da kyau, waɗansu kuma sun koma, Allah ya saka musu. Hedkwata ta koma Kwarhi, an yi bikin cika shekara ɗari a 2023. Amma sojoji sun karɓe garin Gwoza tun Maris 2015, duk da haka ranar 29 ga Yuni 2024 'yan ƙunar baƙin wake suka tashi bam a wurin biki da asibiti da jana'iza a cikin garin. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika, a wata na gaba aka kai wa Garkida hari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda bai taɓa kwana a kogon dutse da jariri a baya ba, ya yi hankali da ba gwauruwa umarnin komawa. Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kai Babila su gina gidaje, su dasa gonaki, su aurar da 'ya'yansu a can, annabawan ƙarya ne suke ta cewa saura kaɗan a koma.

Wasu ma har yau suna raɗa cewa gudu alamar ƙarancin bangaskiya ne. Mai faɗin haka ya fara da Yusufu, wanda ya ɗauki Yaron da uwarsa da dare zuwa Masar. Ya ci gaba da Bulus, da aka zurara a kwando ta garun Dimashƙu. Masu bi da suka warwatse bayan jifan Istifanas su ne suka kai bishara Antakiya, inda aka fara kiranmu Kirista. Akila da Bilkisu korarru ne daga Roma bisa ga dokar Kalaudiyas. Sun sauka Koranti da sana'ar hannunsu kaɗai, ba a jima ba suka zama masu gyara wa Afolos koyarwa, ikkilisiya kuma tana taruwa a gidansu. Da a wurinmu suka sauka, da har yau suna littafin baƙi, ana kiransu su tsaya bayan sujada.

Abin da nake nema a wurin dattawa ba shi da tsada, ba ya kuma bukatar jiran babban taron shekara. Ku ɗauko littafin baƙin nan a zamanku na gaba. Duk wanda ya shekara a cikinku yana sujada, ku kira shi, ku ji shaidarsa daga bakinsa, ku kira mutum biyu daga ƙasarsu su tabbatar, ku rubuta masa sabon kati da kwanan watan da ya iya tunawa, ko da shekarar kaɗai ce. Inda aka rasa shaidun garinsu, zamansa a cikinku ya isa shaida. Ku sa su cikin masu zaɓe da waɗanda ake zaɓa, a zumuntar mata da ƙungiyar mawaƙa da kujerar dattawa. Fastocin da ke hidima a Minawao da sauran sansanoni su ma a aika musu da littattafai da katuna, gama yaran da ake yi wa baftisma a can yau za su ci karo da irin wannan kwamiti nan da shekara goma.

Auren yarinyar dai an ɗaura shi a wata ƙaramar majami'a ta kwano a gefen gari, inda mai bishara ya tara tsofaffi uku na bayan dutse suka ba da shaida, aka gama cikin yini ɗaya. Tsohuwar ta rasu a Minawao, jikanta ya binne ta a can. Uwar kuwa tana nan a majami'ar farko, tana shara ranar Asabar. Na tambayi magatakardan wurin a bara, ya buɗe littafin taro ya nuna mini layin da aka rubuta a kanta: an ɗage maganar har sai takarda ta iso.