Turmi a Saman Bene: Haƙurin Ya Isa Haka

Duk mai haya a ƙasan bene a nan Agege ya san zancen. Tun kafin kiran assalatu taɓarya ta fara sauka a kan kawunanmu, da rana injin markaɗe, da dare janareta a baranda. In ka yi magana a ce maka, "Haba Malam, zaman Legas sai haƙuri." To, mun yi haƙurin, kuma bai hana silin zubo mana da ƙura a cikin tuwo ba.

Masu cewa a rufe taga ba su fahimci matsalar ba. Ƙarar rediyo iska take bi, taga na rage ta. Dukan turmi kuwa cikin siminti da rodi yake shiga, ya bi dekin, ya gangaro ta ginshiƙi da bango, shi ya sa wanda ke hawa biyu ƙasa ma yake jin sa a gadonsa. Tayil da kowa ke yayi yanzu ya ƙara dagula abin, don babu abin da ke shanye dukan. Kujera aka ja a sama, a ƙasa sai ka rantse tirela ce.

Wa ke biyan kuɗin wannan? Mai gadi da ya kwana a tsaye ya dawo neman barcin safe. Direban da zai kama hanyar Kano da ido biyu jajur. Jariri, da tsohuwa mai hawan jini. Hukumar LASEPA ta ƙayyade ƙara a unguwannin zama: desibel 55 da rana, 45 da dare. Mu dai ba mu taɓa ganin mai gidan da ya karanta wa ɗan haya wannan ba, kuɗin shekara kawai ejan ya iya lissafawa.

Mafi yawan laifin na masu gidaje ne. Dekin da aka saba zubawa inci 6 ne, amma wasu su tsuke siminti, su rage rodi, sannan su ɗora wani hawan a kai. Irin wannan benen yaro ya yi tsalle sai fanka ta yi rawa. Girgiza kaɗai ba ta nufin gini zai faɗi, gaskiya ne. Amma in ta zo da tsagewar bango, injiniya ake kira, ba mai fenti ba. Benen Ita Faji da ya rufta a Maris 2019 da makarantar firamare a samansa, mutum 20 ya ci.

Matanmu ma ba za mu ƙyale su ba. Hajiya, daka ba haramun ba ne, amma a sauko da turmin tsakar gida, ko a ɗora shi kan roba mai kauri. Janareta a sa masa tsohuwar taya, injin markaɗe ya koma ƙasa, ɗakin yara a shimfiɗa kafet.

Muna kira ga fadar Sarkin Hausawa da ta tara masu gidaje da ejan-ejan, a sa waɗannan sharuɗɗa cikin takardar haya kafin kowa ya biya kuɗin baɗi.