Tamaula Ba Ta Hana Karatu

'Yan'uwa ɗalibai, har yanzu a ƙasar Kabi akwai iyaye da malamai masu ganin ɗan ƙwallo shi ne wanda boko ya gagara. Mu dai ba mu yarda ba, kuma ga hujjarmu.

Segun Odegbami a Jos ya tashi, ya yi karatun injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Badun, yana kuma buga wa ƙungiyar IICC. Ranar 22 ga Maris 1980, a Ikko, shi ya jefa biyu cikin ƙwallaye ukun da Nijeriya ta ci Aljeriya, muka ɗauki Kofin Afirka karo na farko. Da an hana shi fili yana ɗalibi, da ƙasa ta yi babbar asara.

To, Argungu da ke karrama gwanayen su a Matan Fada tun 1934, don me za ta raina gwanin tamaula? Muna roƙon hukumomin kwalejojinmu na Argungu da Birnin Kebbi su gyara filaye, su ɗauki masu koyar da wasa, sa'an nan su kafa sharaɗi: wanda ya faɗi jarrabawa, ba shi ba rigar ƙungiya.