Darasin Turanci: Mutum Ɗaya Ne Ko Biyu?

Iyaye, ga abin da ke kayar da yaranmu a jarrabawa a nan Dogon Daji. Mukan ce "Ladi malama ce," sai yaro ya rubuta "Ladi teacher is." Turanci a tsakiya yake sa "is", kuma ba ruwansa da mace ko namiji: "Ladi is a teacher." Abin da ya biyo bayan "is" muna ce da shi ciko, gama Ladin yake bayyanawa.

Ku gwada su da dare bayan tuwo. "Bitrus saw a teacher," mutum biyu ke nan, ya ga malami. "Bitrus became a teacher," mutum ɗaya ne, shi ya zama malamin. Ɗan "a" ɗin nan kuwa, har mu malamai mukan manta da shi a allo.