Bangaskiya ba lasisin satar amsa ba ce

'Yan uwa ɗaliban Jalingo, akwai muhawarar da ba ta ƙarewa a hostel. Musulmi ya ce wa abokinsa Kirista, "Ku ai kun huta, bangaskiya kawai, aiki ba ruwanku." Wani Kiristan kuma ya shiga jarrabawa da expo a safa, ya ce alherin Allah ya rufe. Dukansu biyun sun kauce wa koyarwar.

Abin da Manzo Bulus ya koyar a wasiƙunsa ga Romawa da Afisawa shi ne, ba mai sayen yardar Allah da ayyukansa. Kyauta ce ta wurin bangaskiya ga Almasihu, don kada kowa ya yi alfahari. Wannan ne tushen gwagwarmayar Martin Luther, wanda ya tashi a Wittenberg ta Jamus a 1517 yana adawa da sayar wa jama'a takardun rage hukuncin zunubi. Cocin LCCN mai hedikwata a Numan sunansa take ɗauke da shi.

To, mutumin da ya ƙi a sayi gafara da kuɗi, zai yarda a sayi maki? Wasiƙar Yakubu ma ta kira bangaskiyar da ba ta haifar da aiki matacciya.

Jarrabawa na tafe fa. In bangaskiyarka ba ta hana ka miƙa kuɗi a gyara maka sakamako ba, ka sake dubata. Kai kuma ɗan uwa Musulmi, kafin ka yanke hukunci, ka tambayi 'yan FCS, kamar yadda za ka so a tambayi 'yan MSSN kan addininka.