Dune da Masu Jiran Mai Ceto

Jama'a, duk wanda ya kalli Dune kashi na biyu na 2024 ya tashi yana yi wa Paul Atreides tafi, a ganina bai gane inda fim ɗin ya dosa ba.

Ga waɗanda ba su kalla ba: Denis Villeneuve, ɗan Kanada, ya ɗauko labarin ne daga littafin Frank Herbert na 1965. Wata duniya ce mai suna Arrakis, hamada zalla, ruwa ya fi zinariya daraja. Amma a can kaɗai ake samun wani sinadari wanda in babu shi jiragen sararin samaniya ba sa iya doguwar tafiya. Manyan gidajen sarauta suna ta kashe juna a kansa, su kuwa 'yan ƙasa, Fremen, sai ƙishirwa da ƙura. Ko ba a faɗa ba, ka ji warin fetur.

To ga inda gizo ke saƙar. Fremen suna jiran wani mai ceto da suke kira Mahdi ko Lisan al-Gaib. Ashe wannan bushara wata ƙungiyar mata ce, Bene Gesserit, ta shuka ta shekaru aru-aru da suka wuce, don ranar da nasu zai nemi mafaka ya tarar da jama'a a shirye. Uwar Paul 'yar ƙungiyar ce. Shi kansa ya san gaskiyar magana, ya yi ta nonnoƙewa, daga ƙarshe ya hau dokin don ya rama kisan ubansa.

Ku duba Stilgar, dattijo mai gaskiya. Paul ya ce ba shi ba ne, Stilgar ya ce ai wannan tawali'un ma alama ce. Idan mutum ya kai nan, wallahi babu hujjar da za ta dawo da shi. Chani ce ta tsaya kai da fata cewa da wannan busharar ake ɗaure su. Kuma ita ke da gaskiya: a littafi na biyu na 1969, mutum biliyan 61 ne suka halaka a yaƙin da aka yi da sunan Paul.

Mu ba baƙi ba ne a wannan labari. Kanawa ba su manta Disambar 1980 ba, lokacin da rikicin Maitatsine ya ci dubban rayuka, galibinsu talakawa. Kuma duk bayan shekara huɗu sai mu zaɓo mutum ɗaya mu ɗora masa gyaran ƙasa baki ɗaya, wanda ya tambayi yadda zai yi a ce masa maƙiyi.

Shekarun da na yi a aikin gwamnati sun nuna mini cewa fayil ba ya motsi don shugaba na da farin jini. Doka ce ke motsa shi, da tsoron a zo a binciki littafin kuɗi. Wanda ya sha wuya yana da uzurin neman mai ceto, amma wuyar tasa ita ce jarin mai neman mulki.

Kafin ka ce “shi ne”, tambayi kanka: wa ya fara faɗa maka, kuma me zai samu?