Na'urar Horar da Ƙwaƙwalwa: Kafin Ka Sayar da Riɗinka

Ba na cikin masu ƙyamar sabon abu don kawai sabo ne. Na ga yadda allurar rigakafi ta rage mana ƙyanda, na kuma ga matan da hoton ciki ya ceta a asibitin tarayya na Birnin Kudu. Amma akwai wani magani da tallarsa ta fara yawo a wayoyin mutane, wanda ya kamata a yi wa jama'a bayaninsa tun bai ci musu dukiya ba. Sunansa niyurofidbak, wato horar da ƙwaƙwalwa da na'ura. Yana da asali a ilimi, masana na gaske sun yi shekaru suna aiki a kansa. Sai dai alkawarin da masu talla ke yi da shi ya zarce abin da bincike ya tabbatar nesa ba kusa ba.

Ni malamin firamare ne a Wurno. Abin da ya sa na bi diddigin maganar shi ne wani maƙwabcina, manomi, wanda ɗansa mai farfaɗiya yake ajina. Bayan la'asar ya same ni a ƙofar gida da bidiyon da ƙaninsa ya turo masa ta WhatsApp: yaro sanye da hula mai wayoyi yana kallon allon kwamfuta, wata murya tana cewa ana gyara ƙwaƙwalwa ba ƙwaya ba allura. Ya ce, "Malam, ka duba min wannan don Allah. In gaskiya ne, riɗin bana zan sayar in kai shi. Na gaji da ƙwayar nan da ba ta da ranar ƙarewa." Ban ga laifinsa ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

To me mutum zai tarar idan ya je? Za a zaunar da shi a kujera, a goge wuri ɗaya ko biyu a fatar kansa, a shafa wani abu mai danƙo, a manna ƙananan ƙarafa masu waya, a maƙala wani a kunne. In mace ce, a tsagar kitso ake mannawa, kuma ana so a zo da kai wankakke babu mai. Ba zafi, ba kuma lantarkin da ake tura wa ƙwaƙwalwa. Ita ƙwaƙwalwa da ɗan ƙaramin lantarki take aiki, wayoyin kuwa ɗaukar kaɗawarsa kawai suke yi su kai wa kwamfuta. Akwai kaɗawa mai nawa, sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa, wadda ke yawaita idan mutum na gyangyaɗi ko hankalinsa ya tafi wani wuri. Akwai mai sauri, wadda ke tashi idan ya tattara hankalinsa kan aiki. Sai a kunna masa fim ko wasa. Idan kaɗawar ta bi inda ake so, hoton ya yi haske, sauti ya fito. Idan ta kauce, hoton ya dushe ko ya tsaya cak. Ana fatan da yawan maimaici ƙwaƙwalwar za ta saba da zama a inda ake ba ta lada. Zama ɗaya kan ɗauki rabin awa zuwa awa guda, wasu kan tashi da gajiya ko ɗan ciwon kai.

Abin ya daɗe. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924. A shekarun 1960 Barry Sterman, a Kalifoniya ta Amurka, ya koya wa kyanwoyi fitar da wata kaɗawa ta musamman yana ba su madara lada. Daga baya aka sa wasu daga cikinsu a binciken gubar man roka, wadda ke sa jijjiga, sai ya lura waɗanda aka horar sun fi sauran juriya. A 1972 ya ba da rahoton gwada hanyar a kan wata mata mai farfaɗiya. A 1976 kuma Joel Lubar ya fara gwada ta a kan yara masu larurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, wadda likitoci ke kira ADHD. Wato fiye da shekara hamsin ke nan ana gwaji. Maganin da ya kai waɗannan shekaru, da yana yin abin da ake faɗa, da tuni ya zama ruwan dare a asibitoci.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake gane ko magani na aiki. Bai isa a ce an yi wa yaro ya samu sauƙi ba. Dole a kwatanta da wani yaron da aka yi wa na bogi, kuma kada iyaye ko masu auna sakamako su san wane ne wane. An yi irin wannan gwaji a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2021. Yara fiye da 140 ne, 'yan shekara 7 zuwa 10, aka tsara wa kowanne zama 38. Duka an manna musu wayoyi, duka sun kalli allo. Bambancin kawai, rukuni ɗaya allonsu yana bin ƙwaƙwalwarsu da gaske, ɗaya rukunin kuma allonsu yana bin tsohon rikodin da aka ɗauka daga wani yaro dabam. Da aka gama, iyaye da malamai suka ce yaran sun samu sauƙi sosai, amma duka rukunin biyu, ba wani bambancin a zo a gani. Magoya bayan hanyar sukan nuna cewa daga baya waɗanda aka yi wa na gaske ba su buƙaci ƙarin magani kamar sauran ba, kuma hakan ya cancanci a ci gaba da bincike. Amma a babbar tambayar da aka shirya gwajin dominta, na gaske bai fi na bogi ba.

Ba wannan gwajin kaɗai ba ne. A 2017 masana a Jami'ar Salzburg ta Ostiriya suka gwada a kan masu fama da rashin barci, nan ma na gaske da na bogi suka yi kunnen doki. A ƙarshen 2024 mujallar JAMA Psychiatry ta buga nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 38 a kan ADHD, masu ɗauke da mutum kusan 2,500, bai kuwa sami amfanin da za a dogara da shi ba idan aka bi ra'ayin masu aunawa da ba su san wa aka yi wa me ba. A ɓangaren farfaɗiya, yawancin binciken da aka yi ƙanana ne, da yawansu ba a kwatanta da na bogi ba.

Ni a matsayina na malami, sauƙin da yaran rukunin bogi suka samu ne ya fi tsaya min a rai. Yaron da kullum ake yi wa tsawa, a gida a ce masa mara ji, a makaranta a ce masa daƙiƙi, yau ga babba ya zaunar da shi shi kaɗai, yana yaba masa duk lokacin da ya natsu, ana maimaitawa sau biyu ko uku a mako har tsawon watanni, uwa da uba sun zuba masa ido da fata maimakon bulala. Yaya ba zai canza ba? Wannan kulawar ba ta buƙatar kwamfuta. Tana buƙatar ajin da malami zai iya sanin sunan kowane ɗalibi, da iyayen da aka fahimtar cewa yaron ba da gangan yake yi ba.

Sai maganar aljihu. Masu yin aikin da kansu sukan ce sai an yi zama 30 zuwa 40. A ƙaddara a Kano aka sami mai yi. Daga nan tafiya ce da ta haura kilomita 100, ga kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, ga abinci, ga kuɗin kowane zama, ga gona da aka bari da makaranta da yaro ya rasa. Riɗin shekara guda ba zai kai mutum ko'ina ba, kuma in ya tsaya a rabi za a ce masa ai don bai kammala ba ne.

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kalmar nan ta "ba ƙwaya". Mai farfaɗiya da ya tsayar da maganinsa farat ɗaya yana iya faɗawa cikin jijjigar da ba ta yankewa, wadda ke iya kashewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan an gano cutar an ba su maganin da ya dace. Magungunan nan, irin su fenobabiton da kabamazafin, tsofaffi ne, ba su cikin masu tsada. Matsalarmu ita ce yankewarsu: a sha na wata guda, kuɗi ya ƙare ko kemis ya ce babu, ciwo ya dawo, a yanke hukuncin cewa na asibiti ba ya yi.

Na ga ɗan maƙwabcin nan nawa ya faɗi a aji. Ya yi ƙara sau ɗaya, jikinsa ya sandare, ya zame daga benci. Kafin in isa gare shi ajin ya watse, wasu ta taga, suna ihun kada yawunsa ya taɓa su. Wani babba ya rugo da cokali zai tura masa a baki, na riƙe hannunsa. Muka janye bencin, na sa hulata ƙarƙashin kansa, da jijjigar ta lafa muka juya shi kan gefensa. Da ya farfaɗo bai ce komai ba, rigarsa da ta jiƙe kawai yake ja yana rufewa. Yawu ba ya yaɗa farfaɗiya. Cokali a baki haƙori yake karyawa. Yawancin jijjiga tana tsayawa da kanta cikin minti biyu zuwa uku, wadda ta wuce minti biyar kuwa ta asibiti ce ba ɓata lokaci. Sau da yawa asalin ciwon sananne ne: wahalar haihuwa, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, ko buguwar kai a haɗarin babur. Addu'a da shan magani ba sa karo da juna, ba wanda ya ce a bar ɗaya don ɗaya.

Kada kuma a rikita horon nan da gwajin EEG da likita ke turawa a yi a manyan asibitoci irin na koyarwa na Malam Aminu Kano. Wayoyin iri ɗaya ne, amma shi gwajin yana taimaka wa likita ne ya gane irin farfaɗiyar don ya zaɓi magani, kuma amfaninsa tabbatacce ne. Wanda yake da hali, ya ga yana son gwada horon a matsayin ƙari, ba zan ce ya yi haram ba. Ya dai fara shawartar likitansa, ya nemi ganin shaidar aikin mai yi, ya ji jimillar kuɗin tun daga farko. Duk wanda ya ce masa na'ura ɗaya tana warkar da farfaɗiya da taɓin hankali da shaye-shaye da daƙiƙanci, ko ya ce a ajiye ƙwaya, to ya tashi ya bar wurin.

Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na jiharmu ta Jigawa yana Kazaure, mutumin Gwaram ko Wurno sai ya ratsa Kano kafin ya isa. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, ta maye gurbin ta 1958, amma doka ba ta sa ƙwaya a kan kanta. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane farfaɗiya da kula da ita. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa da shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su horar da ma'aikatan asibitocin mazaɓunmu a kan wannan tsari, su tabbatar maganin farfaɗiya bai yanke a cikinsu ba, su kuma turo wanda zai koya mana mu malamai abin yi idan yaro ya faɗi. Ku kuma iyaye, duk abin da kuka gani a waya, kada ku tsayar wa yaro da maganinsa sai da izinin likitan da ya rubuta shi.